Yadda Na Yi Gadin Mafitsarar Malam a Japan

Tun ranar da muka dawo ban sha shayi da zafinsa ba. Wannan ta shigo da dabino ta ce Hajiya ya Japan, waccan ta kira daga Kano ta ce wai da gaske ɗanyen kifi suke ci. Na ba da labarin har muƙamuƙina ya gaji, kuma duk wadda na ba wa a nan Shisha, unguwarmu a Makka, gobe sai in ji shi a unguwar Aziziyya ya yi ƙafa ya yi fiffike. Shekaranjiya wata ta zo yi min jaje, wai an sa wa Malam mara ta ƙarfe. To ga shi na rubuta. Sai da na haura sittin na kama biro, a ajin da Malama Rabi take yi wa tsofaffi a falonta, don haka wadda ta ga harafi ya karkace ta miƙe shi da kanta. Na gaya wa Malam komai zan rubuta. Ya ce in rubuta mana, ai rubutun nawa ni kaina sai na yi bisimilla sau uku nake gane shi.

Ga waɗanda ba su san mu ba, Malam mijina ne, kuma ba malamin komai ba ne, direban bas ne. A nan Makka aka haife shi, kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Kano, ya biyo ta Sudan. Shekara talatin da ɗoriya yana kwasar alhazai daga Arfa zuwa Muzdalifa kafin ya ajiye makulli. Ni kuwa Bichi ya je ya ɗauko ni ina amarya, a nan na tsufa.

Bara likita a Jidda ya ce masa yana da ciwon daji a wata 'yar ƙwaya da maza ke da ita a ƙasan mafitsara, Larabawa na ce mata burustata. Ni na daɗe da sanin da magana, don mutumin da ƙarar ƙofar bayinsa ke hana ki barci ba sai likita ya gaya miki ba. Aka ce ciwon bai bazu ba, aka ba shi zaɓi biyu. Ko a yanka a cire, ya ce shi ba ragon hadaya ba ne. Ko a riƙa gasa wurin da haske, kullum a je Jidda a dawo har kusan wata biyu, ya ce kafin sati biyu duk unguwa ta san inda yake zuwa da wajen da ake haskawa, gara ya mutu da mutuncinsa. Allura kawai ya yarda da ita, wadda ta sa shi zufa da fifita kamar matar da al'ada ta ɗauke wa. Wannan kam na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba.

Ɗanmu na fari ne ya samo maganar Japan. Ba na faɗin sunansa, kun san mu mutanen da, Babba muke ce masa. Shekararsa hamsin da ɗaya, a Jidda yake aiki, ya iya Turanci kamar ya haɗiyi Bature, Hausarsa kuwa ta tsaya a ina kwana da na ƙoshi. Ya ce a can suna da wani irin haske mai nauyi, sau goma sha biyu ake yi cikin sati uku, shi ke nan. Duk bayanin da ya yi, sati ukun nan kaɗai ya shiga kunnen Malam. Ya ce ai ko gaisuwar mutuwa mutum ya je Kano ya fi haka daɗewa. Washegari ya sanar da 'yan majalisarsa cewa ɗansa zai kai shi yawon buɗe ido. Ku riƙe wannan: maganin nan shi kaɗai ya yarda da shi, in ya suɓuce babu wani a bayansa.

Taksi muka hau zuwa Jidda, muka canza jirgi a hanya, sannan aka ɗora mu a wani da ya yi ta tafiya har na fara zaton direban ya ɓata. Ƙafafuna suka kumbura kamar gurasa. Malam na zaune a bakin hanya saboda bayi, har ma'aikaciyar jirgin ta haddace shi, da ta ga ya yunƙura sai ta ja kekenta baya.

A filin jirginsu wani ɗan kare mai riga ya zo ya zauna gaban jakata yana kallona. Malam ya yi tsalle gefe yana tattare jallabiya, tsallen da ban ga ya yi ba tun yana saurayi. Wani ma'aikaci mai farar safar hannu ya buɗe jakar, ya zaro kilishin da ƙanwata ta aiko min. Ya rusuna, ya ba ni haƙuri, ya sake rusunawa, ya tafi da kilishin. Ban taɓa ganin wanda ya ƙwace maka abu yana ba ka haƙuri haka ba. Da ya zo kan daddawa na ce shi ke nan, yau za a ɗaure ni. Ya shinshina, sai fuskarsa ta saki, ya gaya wa Babba wai su ma suna da irinta, da ita suke karin kumallo. Na ce ashe 'yan'uwa ne. Kuka kuwa ya ɗauka garin shayi ce, ban gyara masa ba.

Rusunawar nan ita ta fara dame mu. Kowa rusuna maka yake, mai shara, mai taksi, har hoton mutum a jikin injin kuɗi. Malam ya ce shi ba ya yi wa ɗan Adam ruku'u, sai ya koma dafa ƙirji. Suna rusunawa yana dafa ƙirji, har wata rana wata ta kawo masa kujera da ruwa, ta ɗauka zuciyarsa ce.

Gidan da Babba ya kama mana ɗaki biyu ne, amma duka biyun in aka haɗa kicin ɗina na Shisha zai haɗiye su. Bayin kuma yana da madannai fiye da bas ɗin Malam. Kujerar da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi a kai, abin da na fi tsana a duniya. Na danna wani wuri ruwa ya zo ta inda ban gayyace shi ba, na danna wani ya fara kukan tsuntsaye. Na fito na yanke bakin gorar ruwa na yi buta, na zauna lafiya. Alƙibla ma sai da muka yi rigima. Ni da na tashi ina fuskantar gabas, na tsufa a garin da ko makaho ya san inda Harami yake, sai ga waya tana nuna min wajen faɗuwar rana. Na ce wa Babba wayarsa ta yi ridda.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce da ba ta kai kafaɗata ba. Kwana biyu da zuwanmu ta ƙwanƙwasa ƙofa, riƙe da ledar sharar da na zubar. Ta shimfiɗa jarida a bakin ƙofa, ta zazzage, ta ware min gwangwani daban, roba daban, ɓawon albasa daban, tana murmushi. A Shisha da wata ta dawo min da sharata da sai an kira 'yan sanda. A nan na tsuguna na koya.

Abinci kuwa, shinkafarsu ba mai ba gishiri, tana manne wa juna kamar 'yan biki. Ranar farko na zage ta. Rana ta biyu na dube ta da kyau na ce ai wannan tuwo take nema. Ban taɓa tuƙa tuwon shinkafar da ya yi laushi da danƙo irin nata ba, ko da shinkafar tuwon gida. Da miyar kuka muka rayu, sai dai an hana Malam daddawa da wake da duk abin da ke tara iska a ciki, don likita ya ce ko tusa ce ta tsaya a hanji tana iya ture ƙwayar daga inda aka auna.

Bari in yi muku bayanin likitan yadda ya iso gare ni, don maganar tana bin hannu huɗu. Likita ya yi Japananci, wata budurwa mai tafinta ta mayar Turanci, Babba ya mayar Larabci, ni kuma in mayar wa kaina Hausa. Ya ce hasken da aka saba da shi yana ratsa jiki ne ya wuce, yana taɓa na gabansa da na bayansa, shi ya sa ake yin sa kaɗan-kaɗan kwana da yawa. Nasu kuwa ƙwayoyi ne masu nauyi da ido ba ya gani, wani inji da ya fi kasuwarmu faɗi yake wulwula su a bayan bango ya harbo, su je daidai inda aka nufa su sauke ƙarfinsu su tsaya. Na tambayi ko ƙwayoyin mene ne. Babba ya ce irin sinadarin da ke cikin gawayi. Na ce gawayi muka baro buhu-buhu a Shisha muka keto duniya? Da aka fassara, likitan ya yi dariya ya ce wurin jifan ne ke da wuya. Da can su ma sau ashirin suke yi, suka rage, suka sake ragewa, har ana gwada ƙasa da sha biyun. Amma duk sanda aka rage yawan jifa, kowace tsakuwa sai ta ƙara nauyi, ba a son ko ɗaya ta kauce. Na ce wannan ai mun sani, jifan Shaiɗan ne, wanda ya jefa a gefe ƙeyar wani alhaji ya samu.

Don kar a kauce, dole kullum cikin mutum ya zama iri ɗaya. A yi bayan gida, a yi fitsari, sannan a sha ruwa daidai layin wani kofi, a jira a riƙe har mafitsara ta cika zuwa inda aka auna ranar farko. Ita ce take tokare ƙwayar, take ɗage hanji daga hanyar wutar. Suka yi wa Malam wani mazubi daidai ƙugunsa, suka ɗumama wata farar roba suka lulluɓa masa a mara ta sandare, suka yi masa zane da tawada suka ce kar a goge. Ranar awon nan ya bi doka tsaf, don an ce masa hoto ne kawai.

Likitan ya yi masa tambayoyi ta bakin Babba. Sau nawa yake tashi, yana fita da ƙarfi ko yana ɗiga, har da wadda ba zan rubuta ba ko ni. Duk amsar Malam ɗaya ce, alhamdulillahi, yana kallon bango. Babba ya sunkuyar da kai ya ce wa tafinta lafiya lau. Aka rubuta lafiya lau. Ina zaune ina ji na yi shiru, don ni ma ban taɓa yin maganar ƙasan cibiya a gaban ɗan farina ba. Laifina ke nan a tafiyar, na ɗauka.

Kwana goma muka jira suna lissafinsu. Wata rana muka shiga jirgin ƙasa, cike maƙil da mutane amma shiru kamar an yi mutuwa. Ƙanwata ta kira ni na ɗauka, muka gaisa yadda ake gaisawa, na tambayi kowa har awaki. Da na kashe na ga duk taragon kowa ya ƙura wa takalminsa ido. Babba ya koma can ƙarshe ya tsaya kamar bai san ni ba.

Ranar Talata aka fara. Ɗakin jiran cike da tsofaffin maza cikin riga da wando iri ɗaya masu ruwan toka, kowa da kofinsa, kowa ya harɗe ƙafa ya zuba wa agogo ido. Ba mai magana, amma duk wanda ya shigo ya san abin da kowa ke riƙe da shi. Matar ɗaya daga cikinsu tana gefe tana saƙa, ni Mai Saƙa nake ce mata. Ta matsa min wuri, ta ba ni wani ƙosai mai sanyi da aka cusa wa wake da sukari. Na ci don kunya. Wake da sukari, jama'a.

Malam ya sha ruwansa a gabana. Saura kaɗan a kira shi ya ce zai ɗan miƙe ƙafa, ya dawo, aka shiga da shi. Ba a jima ba nas ta fito da shi. Ashe ta ɗora masa abin dubawa a mara ta ga mafitsara wayam. Aka sake ba shi ruwa, aka sake jira, ya sake miƙe ƙafa, aka sake samun wayam. Aka ce a dawo gobe. Laraba ma haka. Likita ya sa Babba ya tambaye shi ko ya shiga bayi bayan shan ruwan. Malam ya dubi bango ya ce alhamdulillahi.

Nan likitan ya daina murmushi. Ya ce injin nan layi ake bi, ba za su iya ajiye masa gurbi yana wucewa ba, kuma maganin ba ya son a yi ta tsinka shi. In gobe aka sake samun haka, sai dai kullum a zura masa roba ta gaba a cika mafitsarar da hannu. Babba ya rasa yadda zai faɗa, ya yi ta kewaye-kewaye, amma Malam ya gane. Ya miƙe ya ce a nemo masa jirgin Jidda, ya ga Japan ya gode.

Muna fitowa rana ta haske shi, sai na ga gemunsa na ɗigar ruwa. Na dubi hannun rigarsa, jiƙe har gwiwar hannu. Bayan kunnensa ma da danshi. Na ce wa Babba ya je ya nemo mana ayaba, kar ya dawo da wuri. Na ja Malam kan wani benci a lambun asibitin.

Na ce, "Alwala kake yi."

Ya ce to laifi ne?

Na ce ba laifi ba ne, amma me ke kai shi bayi bayan ya sha ruwan mutane? Ya amsa yana murza carbi, bai dube ni ba.

"Kin ga ɗakin? Ba taga. Su kwantar da kai, su rufe ka da farar roba, su ɗaure, kowa ya fita ya ja ƙofa mai kaurin bango. Likkafani ne da kabari, Hajiya, talƙini kawai ya rage. Ina alwala tun daga gida. Ina zaune sai in ji ɗigo ya zubo. In na shiga in wanke in sake, sai duka ya tafi, ba na iya tsayar da shi. An haife ni ana jin kiran sallar Harami. Ba zan je gaban Ubangiji daga garin nan da najasa a wando ba."

Shekara hamsin da uku muna tare, ranar na fara jin ya ce yana tsoron wani abu, ko da yake bai kira shi da sunansa ba. Na ji tausayinsa, amma tausayi ba ya cika mafitsara. Na ce masa wannan babin ai mu mata mun gama shi tun haihuwar fari. Duk wadda ta haifi takwas kamar ni ta san in ta yi atishawa sai ta yi salati biyu. A ajin Malama Rabi da bakina na karanta, ina bin layi da yatsa: wanda ɗigo ya zame wa lalura, yana zuwa masa kullum ba da sonsa ba, alwalarsa tana nan. Ya ce shi ba zai ɗora lahirarsa a kan fatawar falon mata ba. Na ce to ya tambayi malami namiji. Ya ce wa zai tambaya a Makka da maganar ba za ta riga shi isa majalisa ba?

Sai na kira ƙanena Habu, limami ne a Bichi, lokacin su can hantsi ne. Na sa wayar a fili yadda Malam zai ji. Na ce ina tambaya ne saboda wani tsoho mai taurin kai da muka haɗu da shi a asibiti, na zayyana masa komai. Habu ya yi gyaran murya.

"Yaya, tsohon nan, yana da farin gemu? Ya taɓa tuƙa bas?"

Na ce ba ruwansa.

"To ki gaya wa tsohon da ba ruwana, abin da malamarku ta faɗa haka yake. Ya yi tsarki, ya yi alwala, ya sa ƙyalle, abin da ya zubo bayan nan ba da sonsa ba Allah bai kama shi da shi ba. Kuma ba salla zai yi a cikin injin ba. Ko mutuwar ce ta zo, shahada ake tambaya. Amma wanda ya gudu daga magani saboda kunyar ɗansa, wannan ban san babin da zan sa shi ba."

Malam ya fizge wayar. "Kai Habu, ranar da na zo ɗaukar yayarka ko wando ba ka da shi."

"Haka ne, Alhaji. Yau kuma ni ke da wando, kai ake tuɓe wa."

Malam ya yi dariyar da har sai da ya tashi da sauri ya nemi bayi. Da ya dawo ya ce a bar maganar jirgi tukuna.

Saura likita, don dole ya san gaskiya, kuma hanyar zuwa kunnensa ta bakin Babba ta bi. Malam ya ce shi ko a yanka shi. Alhamis da safe muka shiga ofis, na juya na fuskanci taga, na ce a gaya wa likita kaza da kaza. Hausar Babba ba ta kai nan ba, dole na sake faɗa da Larabci, kalma kalma, irin Larabcin da ake yi a ɗakin haihuwa. Malam yana ƙirga fitilun rufi. A hankali Babba ya ce, "Ya ummi, shi ya gaya miki?"

Na ce, "Gemunsa ne ya gaya min. Fassara."

Ya fassara. Yaran da aka haifa a nan ba su san kunyar ɗan fari ba, shi duk zatonsa tun yana ƙarami ba ma sakewa da shi ne don ba ma son sa kamar ƙannensa. Wannan daga baya ya gaya min, a layin shiga jirgi, na ce masa ya rufe min baki ya riƙe jakata.

Likitan bai yi dariya ba, bai kuma yi mamaki ba. Tambaya biyu ya yi: wankin nan minti nawa yake ci, kuma yana taɓa zanen tawada? Na ce minti biyar in ba a yi waswasi ba, kuma ba ya zuwa kusa da wurin. Ya ɗauki takardar Malam ya ƙara layi ɗaya tsakanin bayi da shan ruwa. Nas ta zana ɗan famfo a wurin. Ta kawo wani ƙunshin audugar da ake sawa a wando, Malam ya cusa a aljihu kamar kayan sata. Shi ke nan fa. Abin da ya kusa mayar da mu Jidda hannu rabbana, layi ɗaya ne a takarda.

Daga ranar na kama aiki. Mai Saƙa ta nuna min littafin da take rubuta wa mijinta lokuta, ni ma na sayi nawa. Bayi ƙarfe kaza, alwala ƙarfe kaza, ruwa ƙarfe kaza. Da ya shanye kofin sai in ɗauki kujerata in kafa a bakin hanyar bayin maza in zauna. Ranar farko saura minti goma ya taso yana matse ƙafa, ya ce in matsa. Na ce mutumin da ya riƙe tun daga Arfa har Muzdalifa, motoci sun cushe, alhazai hamsin na kuka a bayansa, shi ne minti goma za ta kayar? Ya ce lokacin yana da ƙuruciya. Na ce lokacin ba ni a bakin ƙofa. Ya koma ya zauna. Tsofaffin Japanawan ba su ji ko kalma ba, amma mijin Mai Saƙa ya ɗaga masa kofi, shi ma ya ɗaga masa nasa.

Da aka shiga da shi na fara jan carbi, ban kai ƙarshe na uku ba ya fito. Ya ce ɗaurin ne mai daɗewa, wutar kanta ko jin ta bai yi ba, har ya tambaye su ko sun manta ba su kunna ba. Sau huɗu a sati, aka cike ranakun da ya ɓata a ƙarshe, sha biyu cif. Wajen sati na uku fitsarin ya riƙa yi masa zafi yana yawaita, suka ce dama haka ne, zai lafa. Ranar ƙarshe na kai wa Mai Saƙa tuwo da miyar kuka a kwano. Ta ci loma biyu tana murmushi irin wanda na yi wa wakenta. Mun yi daidai.

Dawowa ba labari, sai dai na sayo buhun shinkafar nan har ma'aikacin jirgi ya riƙe baki. A Jidda zafi ya mare mu, mai taksi ya zage mu don mun yi jinkirin shiga, na ji daɗi har cikin raina, na rama.

Wata uku da dawowa aka ɗebi jininsa a nan Makka. Satin da ya wuce muka je jin sakamako, ni da shi da Babba. Likitar yarinya ce, ba ta fi jikata ba. Ta ce abin da suke aunawa a jinin ya sauka sosai, amma kar a yi saurin yanka rago, allurar ma tana saukar da shi, sai an yi shekaru ana dubawa. Sannan ta ɗauki biro ta tambaya, yanzu sau nawa yake tashi fitsari kafin asuba.

Na buɗe baki ke nan sai na ji murya a gefena.

"Sau biyu. Da can sau shida ne. Zafin ya tafi, ɗigon ya ragu, amma bai ɗauke ba."

Malam ne, a gaban yarinyar, a gaban ɗansa, yana kallon idonta. Ya ci gaba har da abin da ba a tambaye shi ba, Babba na gefe yana gyaɗa kai. Na bar shi ya gama tsaf, ban katse shi ba ko sau ɗaya.

Sannan na ɗaga wa likitar yatsu uku ta bayan hularsa. Ta rubuta.